Fararen Duwatsun Mai Sanda

Shekara talatin da ɗaya Mai Sanda ya yi yana kai baƙi zagayen dutse. A hau ƙololuwar gabas da sassafe, a bi doron da ya haɗa ta da ta yamma, a gangaro ta wajen marmaro, a dawo inda aka tashi kafin la'asar. Doron nan siriri ne, ga rassa masu yaudarar ƙafa. Shi ya sa duk inda hanya ta rabu ya tara duwatsu tsayin gwiwa, ya ɗora farin dutse mai tsini yana nuna inda za a bi. Damina ta rusa, ya sake ɗorawa. Ba wanda ya sa shi.

Mijin ƙanwarsa ne ya raba shi da aikin. Mutum ne mai baki. Ya je ofishin masu kula da dutsen ya ce tsoho ya gaji, baƙi na hamma a bayansa. A gaban jama'a ya ce, "Yaya, ka huta mana. Hanyar da ko jaki ya sani?" Aka yi dariya, aka miƙa wa mijin ƙanwar rigar jagora.

Mai Sanda ya ci gaba da hawa shi kaɗai, wai kada gwiwa ta sandare. Kullum sai ya sauko da farin dutse ɗaya a aljihu, ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa in tana shara sai ta ce, "Malam, gini za ka yi mana?"

"Kayana nake kwashewa."

Tarin duwatsun suna nan, amma sun zama bebaye. Muddin ana hango ƙololuwar yamma, ba mai lura. Ran da gajimare ya sauko ya rufe doron, Mai Sanda ya riga kowa hawa, ya zauna a bakin reshen da ke kaiwa rami, don ba da baƙi yake faɗa ba. Yana ji sabon jagora ya wuce da mutum bakwai. Suka dawo. Suka sake dawowa. A zagaye na uku ruwansu ya ƙare, wata mata ta zauna ta ce ba inda za ta ƙara zuwa. Sannan Mai Sanda ya yi gyaran murya.

Mijin ƙanwar ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ina hanya?"

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Na ce ina hanya!"

"Au, ba ka taho da jakin ba?"

Sai da mijin ƙanwar ya faɗa da bakinsa, baƙi na ji, cewa bai san hanya ba, sannan tsohon ya miƙe ya shiga gaba.

Washegari ofis ya aiko da rigar, tare da roƙon a mayar da duwatsun. Mai Sanda ya ce to, amma mijin ƙanwarsa zai hau da su. Arba'in da uku ne. Ɗaya kullum, yadda suka sauko.