Gyauron Bayan Taga

Ba tatsuniya ce zan ba ku ba, don haka kada ku ce ta zo mu ji ta. Abu ne da ya same ni a nan Agege, a gidan hayarmu na bakin layin dogo, shekarar da na yi fushi da Allah. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma abin da na tuna shi zan faɗa.

Ni 'yar ƙauye ce, can kudancin ƙasar Kano, inda majami'armu ta jinka take a gindin ɗorawa. A can, idan amfanin gona ya shigo gida, akwai Lahadi guda da muke kira godiyar kaka. Maza su ɗauko dami a ka, mata su ɗauko ƙwarya, a jero ana waƙa har gaban bagadi. Ƙanshin sabon gero ya cika ɗakin, kaji su biyo mu ciki, babu mai korarsu. Mahaifiyata takan ce, "Ba a kai wa Allah abin kasuwa. Abin da hannunki ya shuka, shi za ki ɗora." Da wannan magana na girma, da ita kuma aure ya kawo ni Ikko.

A nan ma muna da majami'ar da ake sujada da Hausa. Masu gadi ne, da tsofaffin sojoji, da matansu, daga Jos, daga Zuru, daga Kafanchan. Ana yin godiyar kaka, amma wa ke da gona a Ikko? Doyar kasuwar Mile 12 ake kawowa, da buhun shinkafa, har da lemon kwalba. Ni kuwa kowace shekara yakuwa nake kaiwa da kuɓewa, waɗanda na shuka a fasasshen bokiti. A yi mini dariya, in yi dariyar tare da su.

Maigidana, wanda nake kira Malam, gadi yake yi a wani kamfani a Ogba. Shekara da shekaru ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, sai ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka yi asibiti, muka yi addu'a, matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'armu, suka yi azumi. Magana ta dawo masa da nauyi-nauyi, amma ƙafa da hannu suka ƙi. Muka kafa masa gado a gindin taga, don ya riƙa shan iska.

To, a shekarar da ta wuce kafin wannan ne mahaifiyata ta rasu. Da na je jana'iza, na dawo da irin geron gidanmu cikin tafin hannu biyu, a ƙulle cikin wani ƙyalle nata. Ban yi niyyar shuka shi ba, ajiya ce kawai ta tunawa. Amma ana saura 'yan kwanaki bikin Ista, sai aka yi ruwan fari mai ƙarfi. Ƙasa ta yi ƙanshi irin na gida. Jikina ya ce mini, ruwan shuka ke nan. Tun ina yarinya haka na sani: in ruwan fari ya jiƙa ƙasa, ba a kwana da iri a ɗaki.

Akwai wani ɗan fili a bayan tagarmu, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Na share shi, na sassara, ina zuba iri ina rufewa da diddige. A nan ne na faɗi maganar da bai kamata in faɗa ba. Na ce, "Ya Ubangiji, ga alama tsakanina da kai. In geron nan ya nuna, to Malam zai tashi, shi zai ɗauki damin da ƙafarsa ya kai maka."

Ina da aminiya a zumunta, mutuniyar Jos, mai sayar da acca da dankali. Maman 'yan biyu muke ce mata. Ta tarar da ni ina shukar, ta riƙe ƙugu.

"Yaya, me kike binnewa?"

"Gero."

"Gero? Yanzu? Yaya, ruwan Ikko ba ruwan Kano ba ne fa. Wannan ko gaisuwa bai gama ba."

Na ce, "Ku da kuke noma a kan dutse kamar awaki, me kuka sani game da gero?"

Ta ce, "To, Bakanuwa. Mu dai awakin muna nan muna kallo."

Gero ya fito, ya yi kore shar. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya wuce kaina. 'Yan arewa masu okada su tsaya su ce, "Iya, gero a Ikko? Kin tuna mana gida." Ni kuwa kullum da safe in auna karan da ido, in juyo in dubi ƙafar Malam, ina jiran ta motsa.

Ashe Maman 'yan biyu ta fi ni gaskiya. A gida, lokacin da gero ke fid da kai, ruwa ya fara sauƙi, rana tana samunsa. A nan kuwa ya fid da kai a wata na shida, daidai lokacin da sama take buɗewa ta ƙi rufewa. Kwana da kwanaki ana zuba ruwa. Ya wanke bununin, ya jiƙa zangarniyar, fumfuna ta hau ta. Kan da ya kamata ya yi fari ya cika, sai ya yi baƙi, in ka taɓa ya shafe maka hannu kamar gawayi. Na jira, na ƙara jira, ko zai farfaɗo. Da wata na takwas ya kama, na shiga filin na tumɓuke shi duka, na fyaɗa da ƙasa, na watsar a nan. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohon zane na rataye a tagar, don kada idona ya sake sauka a wurin.

Daga ranar na daina zuwa sujada. Ban ce babu Allah ba, bakina ba zai iya ba. Na dai ce a zuciyata, yana nan, amma ya ji ni ya kau da kai. In yi wa Malam wanka, in ba shi abinci, in ɗauki kununa in tafi tasha in sayar, in dawo da la'asar. In ya yi addu'a a kan abinci da harshensa mai nauyi, sai in yi shiru, shi ya ce wa kansa Amin. Ƙararrawar Lahadi ta kaɗa, in ƙara wa murhu gawayi. Fasto ya zo, na ba shi kujera da ruwa, ban ba shi kunne ba.

Maman 'yan biyu ce take leƙa Malam da rana in na fita. Wata rana na dawo na ga siririyar igiya ta bi ta ƙarƙashin zanen taga, bakinta a ɗaure a yatsan Malam na hagu. In ya ja, sai in ji gwangwanaye suna kacau-kacau a waje.

Na ce, "Malam, kirana kake yi?"

Ya ce, "Ba ke ba."

"To wannan wasan yaran fa?"

"Awaki ne suke damuna."

Na ce a raina, ciwon ya fara taɓa kansa. Na ga igiyar, amma ban bi ta da ido ba. Wata biyu ina jin ƙarar nan, tun fitowar rana har faɗuwarta. Wani lokaci har in yi masa tsawa. Shi dai ya dube ni, ya sake ja.

Ranar Asabar, ana gobe godiyar kaka, sai ga Maman 'yan biyu da zanen zumunta a gogge a hannunta. Ta ajiye mini a kan tabarma.

"Yaya, gobe ne fa."

"Gobe me?"

"Godiya."

Na ce, "Godiyar me? In tafi in ce na gode da ya kwantar mini da miji? Ko in ce na gode da ya ruɓar mini da irin uwata? Ɗauki zanenki."

Ta buɗe baki, sai Malam ya riga ta. Ya ce, "Tsohuwa." Haka yake kirana tun ina amarya. "Yaye zanen tagar nan."

"Ba zan yaye ba."

"Ni ba ni da hannun yayewa. Ki yaye mini."

Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Na tashi na fizge zanen.

A inda na watsar da ruɓaɓɓen geron, ga kara uku a tsaye. Gyauro ne, wato abin da ya fito da kansa ba wanda ya shuka shi. 'Yan ƙwayoyin da suka tsira a cikin baƙin kan nan, su suka faɗi ƙasa lokacin da nake fyaɗawa. Sun tsiro a ƙarshen damina, sun fid da kai bayan ruwa ya yi sauƙi, sun sami rana. Zangarniya uku, cike, sun bushe, irin na gonar babana sak. An kewaye su da tsohuwar ragar kaza, ga gwangwanayen madara a jere a jikin igiya, yadda muke korar tsuntsu a ƙauye.

Maman 'yan biyu ta ce, "Ni akuyar dutse na ɗaura gwangwanin. Gadin kuwa nasa ne."

Malam ya yi murmushi da rabin bakinsa. Ya ce, "Ni ba maigadi ba ne? An sallame ni a Ogba, an ba ni wani wurin."

Na tsaya ina kallo, sai wani abu ya taso mini. Na juyo na dubi ƙafarsa. Ya gane. Ya girgiza kai.

"A'a, Tsohuwa. Kada ki sake. Ba zan tashi ba, na sani a jikina. Ke kika ɗaura ƙafata a karan gero, ba Ubangiji ba. Ke kika sa masa rana, shi bai ce miki to ba." Ya huta, don magana tana gajiyar da shi. "Amma wata uku ina kwance a nan ina ganin abin da yake yi a bayan zanenki. Kin daina yi masa magana, shi bai daina aiki ba."

Na zauna a ƙasa a gindin gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya faɗi. Ba wanda ya ce in yi shiru. Da na gama, Maman 'yan biyu ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Tashi ki girbe gonarki, manomiya, kafin a nemo 'yan ƙwadago."

Washegari na ɗaura zanen zumunta. Na sa zangarniya biyu a faifai, ta ukun Malam ya ce a bar ta iri. Da aka jero ana waƙa, ina tsakanin mai buhun shinkafa da mai doya goma. Wani tsohon soja mutumin Zuru ya leƙa faifan, ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya daɗe bai mayar ba. Na ɗora a gaban bagadi. Ba ni da doguwar addu'a ranar. Na ce, "Ga shi. Ban shuka da kyau ba, kai ka fitar." Da na dawo gida Malam ya yi addu'a a kan tuwo, na ce Amin.

Bai tashi ba. Ya ƙara shekara biyu a gadon nan, da igiyarsa a yatsa duk kaka, sa'an nan ya tafi gida wurin Ubangiji. Har yau ina shuka irin nan a bayan taga, amma sai wata na takwas. In ruwan fari ya sauka kafin Ista, ƙasa ta yi ƙanshin nan, jikina yakan ce mini in tashi. Sai in riƙe ƙyallen uwata a hannu, in zauna, in jira.