Ɗinkin Bahago

Kai yaro mai shiga kantin mutane hannu na ƙaiƙayi, da kai nake. Ba sonka nake yi ba, kuma ban zo lallashi ba. Zauna ka ji.

Ni mutumin Rimawa ne. Ina da shekara goma sha bakwai ƙanen mahaifiyata, Kawu Mani, ya kai ni kasuwar Goronyo ya danƙa min basilla da zare. Shi ya koya min ɗinkin buhun albasa: a cika buhu ya yi tozo, a ɗora masa hula ta tsohon buhu, a ɗinke bakin. Ni bahago ne, don haka ɗinkina yakan kwanta ta wani gefe dabam, ƙullin ƙarshe kuma ya faɗa hagu. Kawu yakan yi dariya ya ce, "Wanga ɗinki naka ko cikin buhu dubu sai in gane shi."

Kawu shi ne mai gadin siton wani Alhaji, babban mai sayen albasa. Shekara ashirin mabuɗi na hannunsa, ko ɓawo bai taɓa ɓata ba.

Da albasa biyu na fara sata, a aljihu, don miyar gida. Ba wanda ya lura. Daga nan ta zama cikin kwano. Sai na lura duk Juma'a Kawu yakan bar min mabuɗi ya tafi masallaci da wuri, saboda ƙafarsa ba ta sauri. Mutane na jin huɗuba, ni ina cikin sito ina farke buhunan da aka kawo a ɗinke daga Kwargaba. In kwashe manyan na tsakiya, in cusa ruɓaɓɓu da ɓawo, in mayar da masu kyau a sama, in ɗinke. Kafin a sallame na yi alwala na bi sahun baya kamar mutumin kirki. Tir da ni.

Wata rana wani ɗan kasuwa daga Rabah ya dawo a fusace da buhu shida da ya saya wurin Alhaji. A tsakiyar kasuwa ya sa wuƙa ya farke ɗaya, wari ya tashi, ruɓaɓɓiyar albasa ta zube a ƙasa. Alhaji ya juya kan Kawu.

"Mani, wa ke riƙe da mabuɗi?"

"Ni ne, Alhaji."

"To mi kake so in ce?"

Kawu ya durƙusa ya shafa bakin buhun da ba a farke ba. Na ga yatsansa ya tsaya kan ƙullin. Ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya, sannan ya ciro mabuɗi ya miƙa wa Alhaji. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba. Ina tsaye aka kira dattijo mai furfura ɓarawo, har da masu tofar da yawu.

Ka ɗauka na daina? Ina. Wanda ya ci bulus sau ɗaya, gani yake kowa wawa ne. Bayan wata biyu na samu hanyar shiga wani siton na sake yi. A wannan karon, da aka tarar da ruɓaɓɓu a buhu, sai aka kira shugaban masu ɗinki, tsoho mai ido kamar na shaho. Ya duba buhun, ya ce, "Wagga albasa a ɗinke ta taho daga gona. Mi ya kawo ɗinkin bahago a bakinta? Bahago ɗaya gare mu a kasuwa."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na sha dukan da har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. A gaban alƙali na amsa duka, har da na siton Alhaji. Aka ba ni shekara biyu. Kawu bai zo ko sau ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar da aka sake ni ban tsaya ko'ina ba sai Rimawa. Na tarar da shi a zaure, ya rame, yana tufka igiya. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe min. Ai yanzu kowa ya san ba kai ba ne."

Ya ce, "Kowa? Ranar da aka kira ni ɓarawo kasuwa cike take. Ranar da ka amsa laifinka mutum nawa ne a kotu? Har yau in na shiga masallaci akwai masu jan takalmansu kusa." Ya ci gaba da tufkarsa. "Na yafe maka don Allah. Amma ni ma na yi laifi. Da na faɗi sunanka ran nan, da mari biyu ya ishe ka."

Bai kai damina ba ya rasu.

Yanzu ina Wurno, ina tsaron wani babban kanti na kayan masarufi. Mai kantin, Malam Yohanna, tsohon malamin makaranta ne, kuma ya san tarihina kaf kafin ya ɗauke ni. Aikina ido ne. Na san mai babbar riga da ke juya wa mutane baya a wajen sabulu. Na san mai yawan gaisuwa da ke jan hankalin mai awo don abokinsa ya cika aljihu. Duk buhun da ya shigo sai na shafa ɗinkinsa, kuma ranar Juma'a mabuɗi a wuyana yake zuwa masallaci.

Don haka ka ji ni da kyau. Ka tuba tun albasarka biyu ce, ka nemi basillarka ka ci halal. In kuwa ka ƙi, ka shigo kantin da nake tsaro, wallahi sai na kama ka, kuma a gaban jama'a zan kira sunanka da na ubanka. Ko ɗan ƙanwata ne kai, kada ka tsaya kana dubana kana jiran in yi shiru. An taɓa yi min shirun nan, na kuma san wanda ya biya.