Wankin Malam Toka

"Wai har yanzu mutumin nan bai sayi kyamara mai kala ba?"

"Yana da ita mana. Wanki ne ke masa yawa. Sai ya shiga ɗakin nan ya yi ta dirzar hoto har kalar ta zube."

"Kai, haba!"

"Wallahi. Je ka leƙa kwatar gidansu."

Malam Toka yana jin maƙwabtansa daga tsohon banɗakin da ya mayar ɗakin wanke hoto, ya toshe tagar da baƙin bargo. Tun yana saurayi ake masa wannan.

A shagon hoton fasfo ya fara aiki. Ranar da ya bar wani ɗan kasuwa zaune ya ƙame da murmushi, shi kuwa ya fita tsakar titi yana ɗaukar hoton hadari, ranar maigidansa ya sallame shi. Daga nan ya koma wa duwatsu, busassun itatuwa da bakin tafki, kuma duk baƙi da fari. Yakan wuni a gindin tsauni yana jiran inuwar gajimare ta sauka inda yake so. In ka ce masa hoton toka-toka ne kawai, zai zaunar da kai ya nuna maka toka iri-iri har ka tuba. A nan ya samo sunan.

Matarsa takan ce, "A gidan nan dutse ya fi ni gata. An ɗauke shi da safe, an ɗauke shi da yamma, ni ko a kuskure ban taɓa fitowa ba."

"Ai ke kina motsi," in ji shi.

Sai da furfura ta gama cin kansa kwamitin ɗakin karatu ya gayyace shi ya baje hotunansa, karo na farko a rayuwarsa. Surukinsa, mai shagon buga kalanda, ya ce, "Baba, kawo in sa musu firam, in rataye. Kai dai ka zo da sabuwar riga."

Ya zo da sabuwar rigar. Daga bakin ƙofa ya hango hotunan a bango.

Tsauninsa ya koma ruwan hoda. Sama ta yi shuɗi shar kamar bokitin roba. Busasshiyar bishiyar da ya yi shekaru yana bibiya ta fitar da ganye kore, a tafkin kuma ga agwagi biyu da bai taɓa gani ba.

Surukin ya durƙusa yana washe baki. "Baba, na ga duk sun koɗe ne, na ce bari in rufa mana asiri. Kwamfuta ta yi ƙoƙari, ko?"

"Nawa hotunan fa?"

"Tsofaffin? Suna but ɗin mota, na danne su da safaya kada su lanƙwashe."

Kafin ya sami numfashi shugaban kwamiti ya damƙi hannunsa. "Ashe ka iya! To me ya sa kake ta ɓoye mana? Wannan mai agwagin a ofishina zai zauna."

Mutane suka sa tafi. Malam Toka ya ji abin ya ratsa shi har ƙafa, don ba a taɓa tafa masa ba, kuma ashe da daɗi. Har ya soma sunkuyawa zai yi godiya, sai idonsa ya sake faɗawa kan bishiyar nan da aka yi wa ganyen dole.

Suruki ba ya zaguwa, balle a cikin taro. Ya waiwaya ya sami 'yarsa a bayan mijinta, tana kallon ƙasa.

"Uwata," ya ce, da ƙarfin da ya tsayar da tafin, "karɓo mini makullin motar mijinki. Ki roƙi mai gadi ya ara mana tsani."