Burga da Ƙwallon Dabino

A shekarata ta farko a Jidda, aikin ɗaukar kaya nake yi a wani sito da ke Madinar Masana'antu. Ban iya Larabci ba, ban san kowa ba. In an tashi aiki sai in kwanta in fuskanci bango.

Ran Juma'a bayan la'asar, 'yan Filifin da muke zama gida ɗaya sukan shimfiɗa kwali a inuwar sito su buga wata karta da suke kira foka. Ba a sa kuɗi. Ƙwallon dabino ake raba wa kowa, wanda nasa ya ƙare ya tashi, har a rage mutum ɗaya. Wanda ya ci, an ɗauke masa wanke-wanken makon.

Wanda ya ja ni cikinsu wani dattijo ne direban motar kamfanin, Bahaushen Sudan mazaunin unguwar Hindawiyya. Ya leƙo ɗaki ya gan ni kwance.

"Ya waladi, ɗana, taso mu je."

"Baba, ai caca ce."

"Da ƙwallon dabino? Yalla, taso."

Shi ya koya mini wasan, ya kuma koya mini burga: ka tura ƙwallo da yawa alhali katinka ba ya da kyau, don abokin wasa ya tsorata ya ajiye nasa. Da farko a kowane zagaye nake yin burga, kullum ni ne na farkon tashi.

"Kana gaggawa," in ji Baba. "Da farkon wasa ba mai tsoro. Bari sai an rage kaɗan. Kuma kar ka yi wa wanda ya kusa ƙarewa, ba abin da zai rasa. Nemi wanda ya fara hango nasara, shi ne ba ya son faɗuwa."

Wata Juma'a muka rage mu uku: ni, da Baba, da wani mai walda ɗan Filifin, mutum mai yawan dariya wanda bai taɓa cin gasar ba. Aka raba kati, nawa ba abin kirki. Baba ya ajiye nasa. Na dubi mai walda, na ga yadda yake shafa tarin ƙwallonsa, sai na tura nawa duka tsakiya. Ya dubi katinsa, ya dube ni, ya daɗe. Can ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya jefar da katin. Da na buɗe nawa, ya dafe kai, wurin ya kaure da ihu. Ba a jima ba ƙwallonsa ya ƙare, ya fita.

Daɗi ya kwashe ni, na ce bari in gwada wa malamina. Ina turawa, Baba ko tunani bai yi ba ya biyo ni, ya kwashe komai.

"Baba, yaya aka yi ka gane?"

"In katinka na da kyau, kana kurɓar shayi. Dubi kofinka, ya huce."

Da yake ba a gidanmu yake kwana ba, ya ce ladan gasar na mai walda ne, tunda shi aka tsorata a banza.

A ranar ya sa ni a mota zuwa Hindawiyya. Matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka, irin wanda rabona da shi tun barina gida. 'Ya'yansa ina yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, a bakinsu na fara koya. Daga nan gidan ya zama wurin zuwana, ko salla ko suna ana nemana.

Baba ya bar aiki yanzu, idonsa ya yi rauni, amma in na kira waya yana gane muryata tun daga sallama. Allah ya saka masa da alheri, shi da iyalinsa.