Lokacin da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari, don haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. A gidanmu na Zango, in tana nemana sai ta ce da ƙanena, "Kira waccan." Kunya ce irin ta iyayenmu, na sani. Sanin bai hana ni jin haushi ba.

Ina da aure da 'ya'ya wani ciwo ya kama ta. Ya fara da zazzaɓi, sai sambatu, sai farfaɗiya. Gwaggo, yayar Baba, ta rantse iska ce, aka yi ta hayaƙi har muka gaji da tari. Daga baya muka kai ta asibiti.

Wani lokotoro, likitan da ke duba ta, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo kan ƙwaƙwalwarta. Kowace ƙwayar halitta a can tana da 'yan ƙofofin karɓar saƙo, garkuwar ta maƙale musu, ƙwayoyin suka janye ƙofofin ciki. Ba su mutu ba, lafewa suka yi. In magani ya kwantar da garkuwar, a hankali za su sake fito da su.

A gadon asibitin ne wani hantsi Inna ta kama hannuna, ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunana. Muryar tata ce, amma matar ban san ta ba. Ta ce, "Zo nan kusa, kin rame." Kullum sai ta kira, ta shafa kaina, ni uwar 'ya'ya ina kuka kamar goyo. Ina roƙon Allah ya ba ta lafiya, ina kuma tsoron lafiyar.

Ƙwayoyin suka buɗe, kamar yadda lokotoron ya faɗa. Bayan mun koma gida, ran nan na miƙa mata fura, ta kau da kai, ta ce da Gwaggo, "Ce wa waccan ta ajiye."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Alhamdu lillahi, ta dawo!"

Ni ma na yi murna, wallahi na yi. Da yamma na sa ƙanena ya tambayi Inna abin da ta tuna na zaman asibiti. Ta ce ita dai ta san an sa ta a mota, sai ta gan ta a ɗakinta. Na tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, babu wanda zan tambaya inda waccan matar ta tafi.