Dakta Rabi'atu, Mai Sauraron Numfashin Mutane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Maris, 2015, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Dakta Rabi'atu Sagiru a nan Alƙahira, bayan jinyar ciwon hanta. Mun yi mata sutura, maza sun kai ta. Na dawo unguwarmu Hay el-Sabi', na hau bene da ƙyar, na wuce ƙofarta ban iya kallo ba.

Yaya Rabi, daga Katsina kika zo ƙaro karatun likita, shekarar da garin nan ya rikice. Ni ɗalibar hadisi ce, ban san komai a aikinki ba sai abin da kika faɗa mini muna yankan albasa. Kika ce idan aka kawo mutum ɓangaren gaggawa yana haki, likita yakan rasa gane ko huhu ne ko zuciya ce ta gaza, kuma kowanne da maganinsa. Zuciya idan ta wahala tana sakin wasu sinadarai cikin jini. Bincikenki shi ne kwatanta gwaji biyu na jinin, a ga wanne ya fi saurin faɗar gaskiya, wanne kuma asibitocin gida za su iya ɗauka.

Na ga amfanin abin da idona. Kawuna Malam Iliya ya zo daga Damagaram sayen kaya, yana shan maganin asma da ya saya wa kansa. Kika same shi a falonmu ya kasa kwanciya, ƙafafunsa sun kumbura. Kika tsuguna kika danna ƙaurinsa da yatsa, kika ce, "Baba, yi haƙuri, sa takalminka. Asibiti za mu." Jininsa ya nuna zuciya ce. Yau yana gida da ransa. Da na gaya masa rasuwarki a waya, ya yi ta yi miki addu'a.

Aikin ya ci ki. Lokacin da aka toshe hanyar Abbasiya mai zuwa asibitinku saboda rikici, a ƙafa kike ratsawa da kular jini a hannu. A zafin bara, wuta ta yi ta ɗaukewa har ƙanƙarar firjin ɗakin gwaji ta narke, jinin da kika daɗe kina tarawa ya lalace. Ranar kika zauna a kan matakala, ko hijabi ba ki cire ba. Na ce ki haƙura ki koma gida. Kika ce, "Kulu, na gaji wallahi. Ma'alish, ba komai. Gobe sai a sake." Kika sake ɗin.

Babi na ƙarshe kawai ya rage a kundin bincikenki. Malamarki, Dakta Mahasin, ta ce abokan aikinki za su kammala, sunanki na sama. Na yi mata godiya, amma ban ji sanyin da na zata ba.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Rabi. Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya duk numfashin da ya dawo wa wani ta hannunki a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Harun, da mahaifiyarki Hajiya Fatuma da ba ta samu ganin gawarki ba, da 'yarki Nana Fatima. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya yarinyar nan bisa imani. Ke kuma Ya hutar da ke. Amin.

Kulu Ma'azu, Hay el-Sabi', Alƙahira