Ranar da Ƙarfe Ya Kama Shekara

Kafin a ɗauke shi soja, Shekara ɗan tauri ne, kamar ubansa. A kasuwar Matamai, ranar Juma'a, in makaɗa suka ɗora gangunansu suka taɓa takensa, ko awon gero yake yi sai ya yar da tiya. Jikinsa ya ɗauki rawa, idonsa ya juye, ya fizge wuƙa daga ƙugun duk wanda ke kusa ya yi ta gurza wa cikinsa har ta lanƙwashe, ko ƙwarzane babu. In tsumar ta sauka ba ya tuna abin da ya yi.

Nasara suka kwashe shi da wasu samari zuwa yaƙin Indoshin. A farkon 1954 yana Haifon, babban birni mai tashar jirgin ruwa, inda Sinawa ke da unguwa guda, kantuna jere da juna. Lokacin sanyi ne, yayyafi siriri ba ya ɗaukewa. Sai ga sabuwar shekararsu ta zo, aka ce sojoji su zaga unguwar tare da jandarmomi. Kumandan ya yi magana a fili: an sha jefa gurneti cikin taro, don haka duk wanda ya zare makami a tituna, a harbe shi, ko wane ne.

Suna shiga unguwar da hantsi, Shekara ya ji ganga daga nesa. Ya ja hannun Sarzan Ummaru, mutumin Kurni, wanda ya san shi tun gida.

"Yaya, riƙe mini wuƙar bindigata. Bindigar ma karɓe ta."

Ummaru ya yi dariya. "Kai dai baƙauye ne. Wa ya san takenka a nan? Basinen ne zai yi maka kirari?"

"Ka dai karɓa."

Ya karɓa, yana tsaki.

Shekara bai taɓa ganin ja mai yawa haka ba. Kowace ƙofa an manna mata jar takarda, fitilu ja suna lilo a bisa, yara sanye da sababbin riguna masu kauri. An rataya igiyoyin albarushi daga benaye, in aka kunna sai su yi ta fashewa kamar ana ɓarin wuta, kuma duk fashewa sai jandarmomi sun taɓa kunamar bindiga. Wata tsohuwa ta miƙa masa alawar riɗi. Ya ɗanɗana, ya ji kantun gida sak, har ya ce mata "Na gode, Inna," da Hausa. Ta gyaɗa kai kamar ta ji. Tun da ya bar gida, ranar ce ya fara yin dariya har haƙoransa suka fito.

Sannan wani zakin wasa ya ɓullo. Mutum biyu ne a cikin riga guda, ga ƙaton kai mai gemu da idanu masu ƙiftawa. Yana bin kantuna ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsalle ya cafke damin ganyen da aka rataya a ƙofa. Bayansa ana tura wata ganga kamar turmin gidan sarki, wani siririn saurayi na dukanta da sanduna biyu.

Da farko kiɗan baƙo ne. Amma da zakin ya zo wata doguwar ƙofa, saurayin ya sauya hannu: duka uku a jere, ɗan shiru, sannan ɗaya mai nauyi, kamar takensa na gida. Shekara ya ji abin ya fara daga tafin ƙafarsa. Ya toshe kunne. Gangar ta bi ta ƙirjinsa.

"Yaya, fitar da ni," in ji shi. Jama'a sun riga sun raba su, Ummaru na can ƙetaren titi yana kallon zaki.

A gefensa akwai mai sayar da gasasshiyar agwagwa, faffaɗar wuƙarsa kafe a kan gungume. Shekara bai san lokacin da ta zo hannunsa ba. Ya yage rigar soja, ya faɗa tsakiyar titi yana kirari da sunan ubansa.

Mata suka kwashi yara. Gangar ta tsaya cak. Zakin ya daskare da baki buɗe, ana ganin idon yaron da ke ciki. Wani jandarma Bature ya ɗora bindiga a kafaɗa. Ummaru ya kutsa yana ihu da Faransanci da Hausa a haɗe: "Kar ka harba! Wasa ne! Wasan garinmu ne!"

Cikin wannan shirun ganga Shekara ya ja wuƙar a damtsensa, kamar yadda ya saba.

Ta shiga har ƙashi. Ya tsaya yana kallon jinin da mamaki, sannan ya zauna a kan jajayen takardun da suka rufe titi. Jandarman ya sauke bindiga a hankali. Mai agwagwar ne ya cire ɗamararsa ya ɗaure masa hannun, yana ta faɗa da harshensu.

Lokotoron soja, wato likitansu, ya rubuta cewa Shekara ya taɓu, aka sa shi a jirgi zuwa gida. Sauran 'yan ƙungiyarsa aka tura su wani kwari cikin duwatsu kafin damina. Ummaru bai dawo ba.

Shekara ya koma noma a Matamai da hannu ɗaya da rabi, da rani kuma yana zuwa Kano gadin rumbuna. 'Yan tauri suka yi ta gardama a kansa. Wasu suka ce ya ci abin da ya karya maganin, wasu suka ce tsayawar gangar ce ta bar shi tsirara. Shi bai taɓa shiga gardamar ba. In aka matsa masa, sai ya ce ƙarfen can bai san shi ba.

Ɗansa na fari ya tasa, 'yan uwa suka kawo ƙwaryar maganin tauri na gado a ba yaron. Shekara ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya yi godiya, ya zaga bayan danga ya tuttular.